Microsoft Defender da fayilolin da muke saukewa: abin da yake kamawa da abin da ke wuce shi

Duk mai Windows 10 ko 11 yana da riga-kafin ƙwayar cutar kwamfuta a ciki, ba sai ya sayi wani ba. Sunansa Microsoft Defender. Na daɗe ina aiki da shi, kuma abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda yake tare fayil tun a bakin ƙofa. Da zarar Chrome ko Edge ya gama sauke abu, sai ya duba shi kafin ka danna. Idan manhaja ce da bai sani ba kuma ya ga alamar tuhuma, yakan riƙe ta kamar daƙiƙa 10 ya tambayi Microsoft ta intanet. In an tabbatar muguwa ce, sai ya killace ta, ka tarar da bayaninta a Protection history.

Amma wannan sai an kunna abin da ya kamata. Shiga Windows Security, sai Virus & threat protection, sai Manage settings. Abu huɗu za ka nema a wurin: Real-time protection, Cloud-delivered protection, Automatic sample submission, da Tamper protection. A bar su duka a kunne. Na biyun ne ke yin tambayar nan ta intanet, saboda haka kwamfutar da ta yi wata guda ba ta ga data ba tana aiki ne da tsohon sani. Na huɗun kuma shi ke hana mugunyar manhaja kashe mai gadin da kanta. Daga nan a gangara zuwa Exclusions. Idan an ga Downloads ko dukan C: a jerin, a cire nan take, don duk abin da ke cikin jerin ba a duba shi ko kaɗan. Masu saka manhajar sata suna yawan barin wannan ɓaraka.

Gwada shi ba wuya. Akwai fayil ɗin gwaji mai suna EICAR, haruffa 68 kacal, ba ya cutarwa, amma an shirya shi ne don riga-kafi ya ɗauke shi a matsayin ƙwayar cuta. Sauke shi. Idan ya zauna lafiya a Downloads ba wanda ya ce uffan, to mai gadinka barci yake.

Inda yake da rauni kuwa, ZIP ko RAR (fayil da ake dunƙule wasu fayiloli a ciki) mai kalmar sirri ba ya iya leƙa cikinsa. Shi ya sa 'yan damfara ke turo fayil a kulle, su rubuta kalmar sirrin a cikin saƙon, wai 1234. Sai an buɗe kafin Defender ya samu damar dubawa. Rauni na biyu ya fi ɓoyuwa. Windows yana manna wa duk fayil ɗin da ya fito daga intanet wata alama da ba a gani, ita ce ke sa ka ga akwatin Unblock a Properties, ita ce kuma ke sa SmartScreen, mai tace abin da aka sauke a Windows, ya fito da gargaɗin nan mai shuɗi, Word da Excel su toshe makro, wato ƙananan umarnin kwamfuta da ake cusawa a cikin takarda. Filashi mai tsarin FAT32 ba ya riƙe wannan alama. Fayil ɗin da aka sauke a shagon kwamfuta aka kwafo a filashi zai iso ba tambari: za a duba shi, amma gargaɗin SmartScreen ba zai fito ba.

Yana kuma yin kuskure, musamman a kan ƙananan manhajoji marasa sa hannun kamfani. In ana shakka, a ɗora fayil ɗin a shafin intanet na VirusTotal, wanda ke gwada shi da injinan riga-kafi kusan 70 kuma yana karɓar har megabait 650. Ɗaya ko biyu su yi ƙara, wataƙila kuskure ne. Ashirin su yi, a goge. Sai dai kada a ɗora takardar sirri, kwangila ko hoton fasfo, domin masu bincike na iya samun abin da aka ɗora.

A ganina ya isa ga mai aikin ofis da ɗalibi, kuma bai cika nauyaya kwamfuta mai RAM 4GB ba in ba lokacin cikakken bincike ba. Ba ya nacin talla. Idan ka saka wani riga-kafin, Defender yakan ja baya ya bar masa aikin, don haka riga-kafin da gwajin kyautarsa na kwana 30 ya ƙare gara a cire shi gaba ɗaya, a koma Windows Security a tabbatar Real-time protection ya dawo.