Sharhi kan babbar wuƙar sifirin mota ta wani maƙeri a Suame

'Yan uwa masu sha'awar ƙira, ga bayanin wuƙar da na sa aka ƙera mini a Magazin na Suame, unguwar makanikai da maƙera a nan Kumasi, ƙasar Ghana, bayan ta yi aikin layya da na kicin. Tsawonta gaba ɗaya santimita 46, ruwan wuƙar kaɗai santimita 32, faɗi biyar da rabi. Kaurin bayanta milimita 6 daga gindi, yana sirancewa har ya koma 3 kusa da tsini. Nauyinta giram 720. In ka ɗora ta a kan yatsa, tana tsayawa daidai a santimita 4 gaba da ƙota, shi ya sa take faɗawa da kanta wurin sara ba tare da ta gajiyar da wuyan hannu ba.

Ƙarfen sifirin mota ne, irin na fale-falen nan na ƙarƙashin manyan motoci. Galibinsu nau'in da ake kira 5160 ne ko danginsa, mai kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari da ɗan kuromiyom. Yana da juriya, ya kan lanƙwasa ya dawo kafin ya karye. Matsalarsa ɗaya: tsohon sifirin da ya sha hanya yana iya ɓoye siraran tsaga da ido ba ya gani sai an goge. Wannan dai na duba ta da hasken fitila gefe da gefe, babu ko ɗaya.

Inda ake gane maƙeri shi ne wurin taurara ƙarfe, kuma a nan zan daɗe. Ana hura wuta, a Kumasi sau da yawa da ɓawon ƙwarar manja ko gawayi, har maganaɗisu ya daina kama ƙarfen, wato wajen digiri 770 a ma'aunin Salshiyas. Sai a ƙara masa zafi kaɗan ya kai 830 zuwa 850, a tsoma a mai mai ɗumi, tsini a ƙasa, ba tare da kaɗa shi gefe da gefe ba don kada ya karkace. Wanda ya tsoma sifirin a ruwa ya sayi tsaga da kuɗinsa. Daga nan sai gashi na biyu don sassauta taurin, wajen digiri 200, awa biyu sau biyu, har launin ƙarfen ya koma kamar na busasshiyar ciyawa. In ya kai shuɗi, an wuce gona da iri, kaifi zai riƙa naɗewa.

Gwajin magagari ya nuna aikin ya yi. Daga tsini har kusan ƙarshe magagari zamewa yake yi yana ƙara, ba ya ci. Amma santimita uku na ƙarshe kusa da ƙota ya kama, alamar wurin bai samu zafi daidai ba. Wannan yana yawan faruwa da dogayen wuƙaƙe, domin ramin wutar maƙera gajere ne, sai an yi ta kai da komo da ƙarfen a ciki. A aikace illar ba ta da yawa, don ba wanda ke yanka da wannan wurin, sai dai yana dakushewa kafin sauran.

Kaifin ya zo da kusurwa wajen digiri 20 a kowane gefe. Tana raba gaɓoɓin rago da haƙarƙari cikin sauƙi, tana gutsure wutsiyar sa a gaɓa da sara ɗaya. Ƙashin cinyar sa kuwa kada ka kai mata, aikin gatari ne. Fiɗa ma ba nata ba ne: ta yi nauyi, tsininta kuma zai huda fata. Mahautan mayankar Kaase ta Kumasi za su so ta wurin datsa nama, ba wurin cire ƙirgi ba. Wasa ta ba wuya, dutse mai laushi da ruwa, a goga a fata a ƙarshe, ta dawo tana aske gashin hannu.

Ƙotar ce ta rage mata maki. Ƙarfen ya ratsa har ƙarshenta, an manna katakon odum, wato itacen iroko, gefe biyu da ƙusoshin tagulla uku, wannan duk daidai ne. Sai dai katakon bai gama bushewa ba aka sa shi. Da hunturu ya shigo ya tsuke, bakin ƙarfen ya fito yana gurzar tafin hannu, ga kuma ɗan tsagi da jini ke shiga. Gyaran shi ne a goge ƙarfen da magagari ya yi daidai da katako, a cike tsagin da gam mai haɗi biyu, a shafa mai. Mai sa a yi masa sabuwa ya nemi katakon da ya shekara a inuwa, ko ƙahon sa. Kuma babu tokari tsakanin ƙota da kaifi, hannu mai maiƙo na iya zamewa gaba.

Kuben fatar sa ne da aka jeme da bagaruwa, abin da ya dace, don fatar da aka jeme da sinadarin kamfani kan jawo tsatsa. Badukun dai ya manta da ɗan tsirin fatar da ake sawa tsakanin ɗinki, saboda haka kaifi ya fara cin zare. Dole a farke a sake.

Wannan ƙarfe ba ya yafe ruwa, musamman da damina a garin nan. A wanke, a share nan take, a shafa man kaɗe kaɗan, kuma kada a bar ta kwanaki cikin kube. Baƙi-baƙin da nama da lemun tsami ke bari a jikinta ba tsatsa ba ne, a ƙyale shi, kariya yake yi.

Ta fi adda ta kasuwa tsada nesa ba kusa ba, kuma ga mai datsa nama kullum ta cancanci kuɗinta. Kafin ka biya cikon, ka tafi da magagarinka ka gwada ta tun daga tsini har gindi a gaban maƙerin.