Kwamfutar shago daga gida: Chrome Remote Desktop ko Remote Desktop na Windows?

Malam, ka tambaya wanne za ka yi amfani da shi ka riƙa shiga kwamfutar shagonka daga nesa, da yadda za ta riƙa shiga kai tsaye in an kunna ta. Ka saka Chrome Remote Desktop, manhajar Google ta sarrafa kwamfuta daga nesa, ka huta. Shi ne a kan kwamfutar shagona, kuma na ga yanayinmu ɗaya ne: kwamfutar tebur a shago, intanet na layin waya, yaro ne ke kunna ta da safe, kai kuma kana so ka riƙa leƙa ta daga gida ko kana kan hanya.

Amma bari in fara da abin da ya ɗaure maka kai, wato ƙin karɓarka da Remote Desktop na Windows ya yi alhali kwamfutar ba ta da kalmar sirri. Ba lalacewa ta yi ba. Rashin kalmar sirrin ne ma ya sa ya ƙi. Windows na zuwa da wata ƙa'ida a kunne wadda ta ce duk asusun da ba shi da kalmar sirri, sai wanda ke zaune a gaban kwamfutar ne kawai zai iya shiga da shi, ba wanda ya zo ta hanyar sadarwa ba. Za ka ga masu koyar da yadda ake kashe ƙa'idar a YouTube. Kada ka bi su. Daidai yake da ka rufe shago ka bar makulli a jikin kwaɗo.

Ko da ka saka kalmar sirrin, da sauran rina a kaba. Da farko duba wane Windows ne a kanta. In nau'in Home ne, maganar ta ƙare, don Home na iya shiga wata kwamfutar amma ba ya bari a shigo shi. Sai Pro, Enterprise ko Education. In kuma Windows 11 ne da asusun Microsoft, 'yar gajeriyar lambar nan (PIN) da kake bugawa kullum wajen buɗe kwamfutar ba za ta yi aiki daga nesa ba, ainihin kalmar sirrin asusun yake nema, wadda yawancinmu mun manta da ita tun ranar da aka buɗe.

Sai babbar matsalar, wadda ita ce ta fi shafarmu a nan. Remote Desktop na Windows yana jiran baƙo ne ta wata ƙofa mai lamba 3389, kuma kafin ka same shi daga waje dole rautar shagonka, wato na'urar da ke raba intanet, ta kasance tana da adireshin intanet nata na kanta, ka buɗe ƙofar a cikinta. To kamfanonin layin waya galibi suna tara masu amfani da yawa ne a bayan adireshi guda. Za ka shiga saitin rauta ka buɗe ƙofar, komai ya nuna daidai, ka koma gida ka gwada, shiru. In ma ka yi sa'a kana da adireshin, barin 3389 a buɗe ga duniya ganganci ne, domin 'yan kutse suna da na'urori da ba su da aiki dare da rana sai laluben wannan ƙofar suna gwada kalmomin sirri. A watan Mayun 2019 an bayyana wata ɓaraka a cikin Remote Desktop na Windows da ake kira BlueKeep, wadda muninta ya sa Microsoft ta fitar da gyara har wa Windows XP da ta daɗe da daina kulawa da shi. Masu amfani da shi da kyau ta cikin VPN suke bi, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a cikin intanet, irin su Tailscale, kuma wannan ƙarin aiki ne da ban ga dalilin ɗora maka ba.

Zan ba Remote Desktop na Windows haƙƙinsa a taƙaice: hotonsa ya fi fita tas, rubutu ba ya dusashewa, kuma a cikin ofis ɗaya inda kwamfutoci ke kan rauta guda, babu kamarsa. Shi ke nan. A shago kuwa yana da wani hali da ba zan iya zama da shi ba: da zarar ka shiga, allon da ke gaban yaronka zai kulle. Yana tsakiyar buga wa mutum takarda sai ya ga an fitar da shi.

Chrome Remote Desktop ba haka yake ba. Kwamfutar ce da kanta ke fita ta sanar da Google cewa ga ta nan, kai ma ka zo ta can, a haɗa ku. Ba ruwanka da buɗe ƙofa a rauta, ba ruwanka da Home ko Pro, kuma ba a biyan ko sisi. Allon da yaro ke gani shi kake gani, ku biyun kuna iya taɓa linzami.

Wata Asabar ina wurin ɗaurin aure a Zariya, yaron ya kira ni hankali a tashe. Wani ɗan kwangila ya zo karɓar takardar lissafin kayan da muka buga masa, mota na jiransa, an nemi fayil an rasa. Na koma gefe ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, na buɗe waya na shiga. Ina jin yaron ta waya yana cewa, "Oga, wallahi linzamin tafiya yake da kansa!" Ashe fayil ɗin yana cikin jakar watan da ya wuce. Na gyara kwanan wata, na tura wa firinta, ina jin ƙarar fitar takardar ta cikin wayar. Kafin a gama rabon goro mutumin ya kama hanya. Gaskiya a allon waya sai kana jan hoto kana zuƙowa, ba wurin da za ka zauna ka yi aikin awa biyu ba ne. In sabis ya yi rauni kuma hoton kan yi dishi-dishi na ɗan lokaci kafin ya dawo. Amma ga irin wannan buƙatar ya wadatar.

Wajen saka Chrome Remote Desktop zai ce ka zaɓi lambar sirri, aƙalla lambobi 6. Ka wuce shidan, kuma kada ta zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka. Sai dai ka sani ainihin makullin shi ne asusun Google ɗin da ka yi rajista da shi, don haka ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wata hanya, kamar ta wayarka. Ni asusu daban na buɗe domin wannan aikin kaɗai, saboda ba na son saƙonnina da hotunan iyali su zauna a buɗe a kwamfutar da kowa ke taɓawa.

TeamViewer da AnyDesk, wasu manhajojin shiga daga nesa, su ma suna aiki, duka na kamfanonin Jamus ne, amma na kyautarsu don amfanin kai ne kawai. Shago kasuwanci ne, lasisi ake so ka biya.

Yanzu maganar kwamfutar ta shiga Windows kai tsaye in an kunna ta. Na gane dalilinka: ana ɗauke wuta, a tada inji, kana so kwamfutar ta hau har kan aiki ba tare da an tsaya buga komai ba. Ana samun wannan ba tare da an bar ta babu kalmar sirri ba. Ka saka kalmar, sannan ka ce wa Windows ya riƙa buga ta da kansa. Danna madannin Windows da R tare, rubuta netplwiz, cire alamar da ke kan akwatin da ke cewa dole masu amfani su shigar da suna da kalmar sirri, sai ya nemi ka rubuta kalmar sau biyu. In ba ka ga akwatin ba, wanda hakan ya zama ruwan dare a Windows 11, je saitin asusu, wajen zaɓin hanyoyin shiga, ka kashe tilasta amfani da Windows Hello (shiga da PIN, fuska ko yatsa), ka sake buɗewa. In ya ƙi, akwai wata 'yar manhaja ta Microsoft ɗin kanta mai suna Autologon, cikin kayan Sysinternals, ita tana ɓoye kalmar a rufe. Hanyar da zan hana ka ita ce ta rubuta kalmar da hannu a cikin rajistar Windows (Registry, ma'ajiyar saitunansa), domin a fili take zama, duk wanda ya san wurin zai karanta.

Ga yadda na tsara tawa. Asusu biyu ne. Na yaro ƙarami ne, ba ya iya saka yawancin manhajoji ko cire su, shi ne ke shiga da kansa in an kunna. Nawa shi ne mai cikakken iko, da doguwar kalmar sirri da ban ba kowa ba. Dalili kuwa, kwamfutar da ke shiga da kanta a buɗe take ga duk wanda ya zauna a gabanta, har da ɓarawon da ya ɗauke ta, don haka lissafin kuɗi da takardun banki ba sa zama a asusun yaro. Kuma Chrome Remote Desktop ba ya ma buƙatar a shiga tukuna. Muddin kwamfutar na kunne da intanet, zai kai ka har allon buga kalmar sirri ka buga daga inda kake.

Abu biyu ke kayar da mutane bayan sun gama komai. Kwamfutar da ta yi barci ba ta amsawa, don haka ka kashe barcin a saitin wuta, ka bar allo kawai ya riƙa mutuwa. Sannan a cikin BIOS (saitin da ake shiga tun kafin Windows ya tashi) na yawancin kwamfutocin tebur akwai zaɓin ta kunna kanta idan wuta ta dawo. Kunna shi, ka kuma tabbata rautar ma tana tashi da kanta, ba sai an danna mata maɓalli ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da kwamfuta da masu gyara. Wani zai ce maka ai matsalar Home ce, kawo 'yan dubbai ya mayar maka Pro. Abin da da yawansu ke sakawa lasisin sata ne ko manhajar fasa lasisi, ta yi 'yan watanni ta mutu, wani lokacin ma da ƙwayar cuta a cikinta. Na taɓa sayen irin wannan lasisin a hannun wani mai shago, da ya daina aiki na koma, ya rantse bai taɓa ganina ba. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne mai gyaran da zai ce bari ya saita maka shiga daga nesa, ya yi da asusunsa da lambar da shi ya zaɓa. Ka biya shi ya tafi, amma har gobe yana iya shiga kwamfutarka. Ka zauna kusa da shi, kai za ka buga asusun, kai za ka buga lambar. In kwamfutar ta hannu ce ka saya, duba jerin manhajojin da ke kanta, duk wata ta shiga daga nesa da ba kai ka saka ba ka cire ta. Haka in wani ya kira ka ya ce daga banki yake, ka saka wata manhaja ka karanto masa lambar da ta fito, kashe wayar. Chrome Remote Desktop ma yana da irin wannan lambar ta taimako, mai lambobi 12 da ke mutuwa bayan minti 5, kuma duk wanda ka ba, ka amince masa, ya hau kan linzaminka.

Idan ka gama saitin, kada ka bar shagon sai ka gwada. Zare wayar wutar daga bango ka mayar, ka tsaya ka ga ta tashi da kanta. Sannan ka kashe Wi-Fi a wayarka, ka shiga da datar layinka kana tsaye a bakin ƙofa.