Raspberry Pi 4: yadda ta yi min aiki da firinta da fanka

Wanda zai sayi ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi don ta maye masa gurbin kwamfutar tebur, a ganina bai kama bakin zaren ba. Tana shiga intanet, ana rubutu da ita, amma ba nan amfaninta yake ba. Amfaninta na ga 'yan haƙoran ƙarfe 40 da aka jera layi biyu a gefenta, waɗanda ake kira GPIO. Ta nan take kunna wannan, ta kashe wancan, ta karɓi rahoto daga na'urorin aune. Gidauniyar Raspberry Pi da ke Kambirij a Ingila ce ta fitar da ta farko a 2012, don yara su koyi rubuta manhaja. Tawa samfuri na 4 ce, wadda ta fito a 2019, kuma girmanta kamar na katin banki.

Da tsohuwar firinta na fara, irin wadda ba ta san komai ba sai igiyar USB. Na zuba Raspberry Pi OS a katin microSD ta manhajar Raspberry Pi Imager, kuma tun a nan na saka sunan Wi-Fi da kalmar sirri, na buɗe SSH, wato hanyar ba ta umarni daga nesa. Saboda haka ban nemi allo ko kibod ba, daga wata kwamfutar nake ba ta umarni. Da na ɗora CUPS, manhajar da ke kula da firinta, sai firintar ta bayyana a wayoyin kowa a gidan. Abin da zan ce a duba kafin a fara shi ne ko firintar na da manhajar da ke tafiya a kan ARM, don irin ƙwaƙwalwar da ke cikin Pi ke nan, kuma ba kowane kamfani ke tanadar ta ba.

Aikin fanka ne ya fi shiga raina. Na haɗa na'urar auna zafi da laima mai suna DHT22 da wayoyi uku: ɗaya na wuta, ɗaya na ƙasa, ɗaya na kawo bayani. A ɗaya gefen kuma rile, wato makunnin da ke karɓar umarni, na sarrafa shi da yaren rubuta manhaja na Python, ta kundin umarninsa gpiozero. Layukan umarnin ba su cika shafi ba. Na rufe na'urar aunen da tafin hannu, lambar ta riƙa hawa a hankali, tana kaiwa digiri 30 sai na ji rilen ya ce ƙas, 'yar fitilarsa ta kama, fanka ta fara juyi. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ya fi ƙarfin girman aikin.

Akwai dabara a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Kada ma'aunin kunnawa da na kashewa su zama ɗaya. Idan zafi na yawo tsakanin 29.9 da 30.1, rilen zai yi ta ƙas-ƙas ba hutawa har ya gaji. Ni nawa yana kunnawa a 30, ba ya kashewa sai an sauko 28. Ita ma DHT22 ba ta son a matsa mata, sai an bar daƙiƙa 2 tsakanin tambaya da tambaya, kuma wani lokaci takan dawo da amsa ba komai. Sai a rubuta umarnin yadda zai sake tambaya maimakon ya tsaya.

Haƙoran nan bolt 3.3 suke aiki da shi, kuma wutar da kowanne ke iya bayarwa kaɗan ce ƙwarai. A tura musu bolt 5, suna iya ƙonewa. Shi ya sa ba a jona fanka ko wani inji mai juyi kai tsaye, dole rile ko tiransista ya shiga tsakani. Ɓangaren wutar gida kuwa ma'aikacin lantarki na ba wa ya haɗa, ya rufe shi cikin akwati. Wannan ba wurin gwaji ba ne, musamman a gidan da yara ke zirga-zirga.

Abin da ke tabbatar da ɗorewar aikin shi ne caja da wurin ajiya. Pi 4 na buƙatar bolt 5 da amfiya 3 ta USB-C. Na gwada ta da wata cajar waya marar suna, jar fitilarta ta riƙa ɗaukewa, alamar wuta ba ta isa. Da na sa mai cikakken ƙarfi, shi ke nan. Katin microSD kuma ba ya jure yawan rubutu da yankewar wuta ba shiri, don haka na mayar da komai kan ma'ajiyar bayanai ta SSD da ake jonawa ta USB, tunda wannan samfurin na iya tashi daga can.

Akwai abubuwa biyu da ba a gina mata ba. Ba ta da agogo mai batir, idan ta tashi babu intanet lokacinta kan kauce, sai an ƙara mata agogo irin DS3231 in aikin na bin sa'a ne. Samfuri na 5 da ya fito a 2023 ya zo da agogon, har da maɓallin kunnawa. Haka kuma Pi 4 ba ta karanta siginar analog, wato mai hawa da sauka a hankali, da kanta, sai da taimakon na'ura irin MCP3008 da ke mayar da ita lambobi.

Da fankar kaɗai zan sarrafa, Pico, ƙaramar ƙanwarta ta 2021, ta ishe ni, don ba ta da katin da zai lalace kuma wuta kaɗan take ci. Na zauna kan Pi 4 ne saboda tana riƙe da firinta da fanka a lokaci guda, ga sauran haƙora da yawa ba a taɓa ba. Na gaba a jerina shi ne na'urar HC-SR04 don auna ruwan tanki, ita kuma amsarta bolt 5 ce, sai na rage ta da resisto biyu kafin ta shiga.