Halartar biki ko aikin sa-kai: wanne ya fi amfanar iyali a bazarar Amurka?

'Yar'uwa, kin ce ke da maigidanki da 'ya'yanku uku kun tare a wani ƙaramin gari da ke gefen babban birni a Amurka, kun ƙare hunturu a cikin gida ba ku san ko maƙwabcin da ke jikin katangarku ba, yanzu kuma sanarwar hukumar gari ta iso ɗauke da bukukuwa a shafi ɗaya da neman 'yan sa-kai a ɗaya shafin. Kin ce ranar Asabar ce kaɗai kuke da sarari, yaran kuma akwai mai shekara 4, da mai 10, da mai 16, don haka kike tambayar wanne ya kamata ku ba wa ranar. A ganina, idan burinku shi ne yara su sha iska su yi nishaɗi, biki ya wadatar, amma idan kuna son a san ku a garin har ku sami wanda zai buga muku waya idan wani abu ya taso, aikin sa-kai ne zai kai ku can, sai dai ba kowane irinsa ne zai karɓi yaran nan uku a lokaci guda ba, kuma a nan ne wahalar zaɓin take.

Bazarar da ake nufi a can ita ce watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su yi toho. A Lahadi ta biyu ta watan Maris yawancin jihohi kan tura agogo gaba da awa ɗaya, sai yamma ta yi tsawo, mutanen da suka yi wata uku ko huɗu ba a ganin su sai ta gilashin mota su fara fitowa ƙofar gida. Abin da ya sa bukukuwa da ayyukan gayya suke cunkushe a waɗannan makonni ke nan: ga shara da ƙanƙara ta binne ta fito fili, ga ƙasa ta yi laushin da za a iya dasa itace, ga jama'a kuma na ƙishin haɗuwa.

Ɓangaren biki ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai neman ƙwai da ake shirya wa yara a kusa da Ista, wadda kan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu; ana watsa ƙwayayen roba masu alewa a ciki a filin wasa, a raba yara gwargwadon shekaru, a busa usur, cikin 'yan mintoci kaɗan fili ya zama wayam. Wanda hukumar gari ke shiryawa yawanci wasa ne kawai, wanda coci ke shiryawa kuwa yana iya haɗawa da wa'azi, don haka ki duba wane ne mai taron idan wannan ya dame ki, kuma ki karanta abin da aka rubuta a jikin alewar, domin wasu masu taushi ana haɗa su da sinadarin da akan samo daga alade. Akwai kasuwar manoma, wadda a jihohin arewa ba ta cika buɗewa ba sai watan Mayu. Akwai gwanjon tsofaffin littattafai da ƙungiyar masoya laburare kan yi, da ranar buɗe kakar wasannin yara, sannan a rufe da faretin ranar tunawa da sojojin da suka mutu a bakin daga, wadda ke faɗowa Litinin ta ƙarshe a watan Mayu. Kyawun waɗannan duka shi ne ba wanda zai tuhume ki idan kin makara ko kin fasa, kuma idan ƙaramin ya fara rigima kina iya ɗaukar sa ki koma mota ba tare da kin nemi izinin kowa ba. Aibinsu kuma daga nan yake fitowa: kowane iyali na zuwa a motarsa, ya tsaya da nasa, ya koma. Za a yi miki murmushi, a yaba kayan da kika sa, amma da wuya ki dawo gida da sunan mutum ɗaya.

Aikin sa-kai kuwa ba abu ɗaya ba ne, kuma kuskuren da sababbin zuwa kan yi shi ne su ɗauke shi a dunƙule. Akwai na safiya ɗaya, akwai na alkawari mai tsawo, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ta fi wadda ke tsakanin biki da aikin safiya ɗaya.

Na safiya ɗaya ya fi yawa a rabin ƙarshe na watan Afrilu, kuma akwai dalilin tarihi. Ranar 22 ga Afrilu ita ce ranar kare doron ƙasa, wadda za ki gani a sanarwa da sunan Earth Day. Sanata Gaylord Nelson na jihar Wisconsin ne ya assasa ta a 1970, kuma an ƙiyasta cewa Amurkawa kimanin miliyan 20 ne suka fito a karon farko. Juma'ar ƙarshe ta watan kuma ranar dashen itatuwa ce, Arbor Day, wadda ta girme ta da kusan shekara ɗari: an fara ta ne a Nebraska ranar 10 ga Afrilu, 1872, bisa shawarar ɗan jarida J. Sterling Morton, aka kuma ce an dasa itatuwa kusan miliyan ɗaya a wannan rana. Jihohi na da 'yancin sa tasu ranar gwargwadon yanayinsu, shi ya sa Florida ke yin tata a Janairu, Alaska kuma sai Mayu. Garuruwa da yawa suna riƙe da lambar yabo ta Tree City USA, wadda aka fara bayarwa a 1976, kuma cikin sharuɗɗanta akwai kashe aƙalla dala 2 a kan kowane mazaunin gari wajen kula da itatuwa da kuma raya wannan rana kowace shekara. Idan kin ga allon wannan lamba a mashigar garinku, to ki tabbata akwai taron dashe, kuma hukuma na neman hannuwa. A daidai wannan lokaci na watan Afrilu ne kuma makon 'yan sa-kai na ƙasa yake, wanda ake yi tun 1974.

Irin wannan aiki shi ne ya fi dacewa da ku. Ana haɗuwa a lambun gari ko bakin rafi da misalin ƙarfe tara, a sa hannu a takardar da ke cewa mutum ya zo bisa raɗin kansa, a raba safar hannu da buhunan shara da sandar tsinta, kafin azahar an watse. Ba a cika sa iyakar shekaru ba muddin yaro na tare da iyayensa, don haka mai shekara 4 zai riƙe bakin buhu, mai 10 ta yi tsinta, babban ya ja baro. Abin da ya bambanta shi da biki shi ne akan raba mutane rukuni-rukuni, kuma wanda kuka yi awa biyu kuna tona rami ɗaya da shi ba zai wuce ki a kanti bai tsaya kun gaisa ba. A irin wannan wuri ne za ki haɗu da dattijuwar da ta shekara talatin a garin, ta san wace makaranta ce ke da malamin lissafi mai haƙuri, ta san wane ofishi ake zuwa idan ruwa ya kwanta a kan titi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma 'yan garin da suka damu da shi a wajen aiki ake samun su.

Akwai wani aikin da ya fi wannan sauƙi, har ba sai an fita daga gida ba. Asabar ta biyu ta watan Mayu ƙungiyar masu raba wasiƙu ta ƙasa kan tattara abinci ga mabuƙata, abin da take yi a faɗin ƙasar tun 1993: iyali su zuba abincin gwangwani da busasshen abinci a jaka, su ajiye kusa da akwatin wasiƙa, mai raba wasiƙa ya kwashe. An zaɓi Mayu ne saboda gudummawar da ta tumbatsa a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara takan ƙare zuwa lokacin, ga kuma dogon hutu na tafe, lokacin da yaran da suka dogara da abincin makaranta ba za su same shi ba. Sadaka ce mai kyau, kuma yara na jin daɗin zaɓen abin da za a sa a jaka, amma ba za ta haɗa ku da kowa ba sai idan kun je rumbun abinci na garin da yammacin ranar, lokacin da kaya suka yi yawa ana neman masu rarrabewa.

Na alkawari mai tsawo shi ne inda nake so ki yi taka-tsantsan. Fili a lambun al'umma yana da ban sha'awa a watan Afrilu, amma ciyawa ba ta san Asabar ba, kuma wanda ya karɓi fili ya ɗauki ban ruwa da shema har zuwa kaka. Taimaka wa ƙungiyar wasan yara ko karanta wa yara littafi a laburare yana buƙatar a binciki tarihin mutum kafin a bar shi da 'ya'yan wasu, binciken kuma na iya ɗaukar makonni. Rumbunan abinci manya, masu motocin ɗaga kaya a ciki, sukan sa iyakar shekaru, haka ma wuraren kula da dabbobin da ba su da masu su. Ƙungiyar Habitat for Humanity, mai gina wa marasa galihu gidaje, ba ta barin wanda bai kai 16 ba ya shiga wurin gini, kuma sai mai 18 ne ke taɓa injinan yanka ko hawa rufi. Ma'ana, a irin waɗannan ayyuka iyalinku zai rabu: babban ɗanki ya shiga, ƙananan su tsaya a waje, ke ko maigidanki ɗaya ya zauna da su. Alkawari kaya ne, kuma a ƙaramin gari wanda ya rubuta suna sau biyu bai zo ba, an san shi.

Duk da haka ga mai shekara 16 wannan ne ya fi amfani, kuma bai kamata a auna shi da mudun ƙannensa ba. Makarantun sakandare da dama na lissafa awannin hidimar al'umma; a jihar Maryland ma sharaɗi ne, ɗalibi ba ya karɓar takardar kammalawa sai ya cika awa 75. Ko a inda ba dole ba ne, mai karanta takardun neman jami'a ya fi ganin nauyin yaron da ya yi shekara yana zuwa wuri ɗaya a kan wanda ya leƙa wurare goma sau ɗai-ɗai, kuma shugaban wurin da ya san shi ne zai iya rubuta masa takardar shaida mai ma'ana. Ki sa ya riƙa tafiya da takardar makaranta a aljihu, a sa masa hannu a ranar, domin neman mai shirya taro bayan wata biyu aiki ne ja.

Ta fuskar kuɗi, abin na iya ba ki mamaki. Biki ne ake cewa kyauta, amma shi ne ke cin aljihu, domin shiga ce kawai kyauta. Ga masu sayar da abinci, ga lilo, ga zanen fuska, yara uku kuma ba sa wuce rumfa su yi shiru. Wasu shirye-shiryen sashen lambuna da wasanni na gari ana biya, mazauna gari kan biya ƙasa da baƙi, kuma gurbi kan cika da wuri. Aikin sa-kai ba ya cin komai sai man mota da tsohon takalmi, sau da yawa ma har ruwa da abin taɓawa akan bayar. Ta fuskar haɗari kuma abin ya juya. A filin biki babban abin tsoro shi ne yaro ya ɓace a cikin taro. A bakin rafi akwai fasassun kwalabe da allurar da aka yar, waɗanda dokar kowane taron shara ita ce yaro ya nuna, babba ya ɗauka. Akwai wata ciyawa mai ganye uku-uku da ake kira poison ivy, wadda man da ke jikinta ke sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje har tsawon makonni. Akwai kuma kaska, musamman a jihohin arewa maso gabas da yankin manyan tafkuna, wadda ke ɗauke da cutar Lyme, kuma ƙananansu da ke yawaita a ƙarshen bazara ba su fi ɗigon alƙalami ba. Dogon wando a cusa cikin safa, da duba jikin yara a bayan kunne da hammata da bayan gwiwa idan an dawo gida, sun fi kowane magani sauƙi. Idan akwai mai asma a cikinsu, ki tuna ƙurar furen itatuwa ta fi yawa a waɗannan makonni.

Akwai hanya ta uku da takardar ba ta ware mata shafi ba, ita ce yin aikin sa-kai a cikin bikin kansa. Masu shirya neman ƙwai na buƙatar waɗanda za su cusa alewa a dubban ƙwayaye kwana biyu kafin ranar, masu gwanjon littattafai na buƙatar masu jera su a tebur, masu fareti na buƙatar masu raba ruwa. Aikin awa ɗaya ko biyu ne, a cikin inuwa, babu kaska, kuma idan kin gama sai ki shiga cikin taron tare da yara a matsayin wadda aka riga aka san sunanta.

Da ni ce ke, da na ba wa ƙananan safiya ɗaya ta biki a farkon Afrilu don su saba da filin, mu fita gaba ɗaya ranar shara ko dashe a ƙarshen watan, in sa babban ya zaɓi wuri ɗaya da zai riƙa zuwa shi kaɗai, in kuma ajiye maganar fili a lambu sai baɗi. Ki yi rajista tun yanzu, domin ana sayen safar hannu da dashe ne gwargwadon sunayen da aka rubuta, kuma ki tambayi ranar da aka ware idan ruwan sama ya hana, tunda a watan Afrilu ba a rasa shi.