Kujerar darakta a Apache ko a Linux Foundation?

Duk biyun gidajen manhajar da kowa ke iya duba lambobin da aka rubuta ta da su ya gyara ne, amma hanyar hawa kujerar darakta ta bambanta sosai. A Apache, wadda aka kafa a 1999, daraktoci 9 ne, mambobi ke zaɓensu duk shekara kuma ba ko sisi, aikin sa kai ne zalla. Mamba kuma mutum ne da sunansa, kamfani baya zama mamba komai kuɗinsa. Sai dai fa aikin akwai gajiya, mitin duk wata, ga rahotannin da kowane aikin manhaja da ke ƙarƙashinta ke turowa duk bayan wata 3, sai ka zauna ka karanta su ka gano inda masu aiki suka gudu ko rigima ta tashi, bayan ka dawo daga naka aikin da ke ciyar da kai, kuma duk abin da kuka yanke ana rubuta shi a fili kowa ya gani.

Linux Foundation kuwa ƙungiyar kamfanoni ce. Kamfanin da ya shiga ajin platinum, wato ajin mambobi mafi girma, dala 500,000 a shekara, yana samun kujera, Microsoft ma ta wannan ajin ta shiga a 2016. Wanda ke zaune a nan wakilin kamfaninsa ne, lokacin mitin ma cikin albashinsa yake.

Ni dai in don sa kai ne Apache zan nufa, ko da yake sai ka shekara da shekaru kana aiki kafin ma a gayyace ka zama mamba.