Lab ɗin da munka kai samfurin furojet ɗinmu a Birnin Kebbi

Jama'a masu tambayata ta inbos inda na yi gwajin furojet ɗina, ga bayani nan ku huta ni ma in huta. Wani lab ne mai zaman kansa cikin Birnin Kebbi, mu uku munka je, ni aikina auna furotin ne a hantar tarwaɗa da na sawo daga Argungu cikin kula da ƙanƙara.

Abin da ya burge ni da wurin ga, ba irin waɗanda za ka aje samfur da kuɗi ka dawo jibi su miƙo ma lambobi a takarda ba ne, ba ka san ko an gwada ko daga kai anka rubuto ba. Hajiyar da ke riƙe da wurin cewa ta yi, ɗana sa safar hannu, kai za ka yi da kanka. Ni na niƙe hantar, munka juya ta a santirifuj (na'ura mai juyawa da sauri don raba ruwa da tsaki) minti 10, munka kwashe ruwan sama. Hanyar Bradford munka bi, wadda anka fito da ita tun 1976, kana ɗiga rinin Coomassie sai ka ga ruwan ya tashi daga ƙasa-ƙasa ya koma shuɗi, gwargwadon yawan furotin gwargwadon duhun shuɗin, sannan a karanta a na'ura kan nanomita 595. Kuma ba ta bari na taɓa samfur ba sai da na jera ma'aunin BSA (wani furotin da anka san yawansa, da shi ake kwatanta samfur) na zana layinsa a giraf, na farko ya karkace kamar hanyar ƙauye, ta kalli fifet ɗin hannuna (abin zuƙo ruwa a ƙayyade) ta ce ai kumfa kake zuƙowa, sake. Wallahi na ji haushi a lokacin, amma ranar difens, wato kare furojet, tambayar farko da anka jefo min kan layin nan ce.

Matsalarsu wuta. Santirifuj ɗinsu ba mai sanyi ba ne, ga zafin Afrilu, ga janareta sai an roƙa, abokina da ke auna ALT da AST (wasu enzayim na hanta, wato sinadaran da ke hanzarta aiki a jiki) ƙanƙararsa ta narke yana zaman jira, enzayim kuwa ba ya shiri da zafi, dole ya sake sawo kifi da kuɗinsa. Rasit ma sai ka tuna musu.

Kuɗinsu da ɗan tsada gaskiya, mu dai karo-karo munka yi muka sayi rini kwalba ɗaya ta ishe mu. In aikinka na enzayim ne ka tafi da sassafe, ka kuma riƙo ƙanƙara ninki biyu.