Sikeli mai nuna kitse ko tef ɗin tela? Amsa ga Alhaji na Idi-Araba

Assalamu alaikum. Alhaji, na ga tambayarka tun daren jiya kan sikelin nan da ake jonawa da waya yana nuna kitsen jiki, ko ya fi lissafin BMI (mai gwada nauyin mutum da tsayinsa) da awon ƙugu. Ka adana kuɗinka. Ka sayi tef irin na teloli, ka haɗa da sikeli na gama-gari mai nuna kilo kawai, shi ke nan. Ina da duka ukun a gida, kuma ɗaya ne kaɗai nake da-na-sanin sayensa.

Ni ba likita ne ya fara gaya min na yi teɓa ba, telana ne na Agege. Shekara da shekaru shi yake min ɗinkin Sallah, yana da wani tsohon littafi da ya ji jiki, kowane mai ɗinki da shafinsa. Ran nan na kai masa shadda, ya zagaya tef a cikina, ya duba littafi, ya sake zagayawa. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, Legas ta karɓe ka." Ya juyo min da shafin: 36 an soke da biro, 38 an soke, ga shi yana rubuta 40. Inci huɗu cikin shekara uku. A tsawon lokacin nan kuwa ina hawa sikeli a kemis ɗin unguwarmu jefi-jefi, daga kilo 79 na koma 83, nake ce wa kaina ai kilo huɗu ba komai ba ne ga magidanci. Abin da ya faru shi ne na daina ɗaga buhun albasa da kaina a Mile 12, na koma zaman benci ina lissafi, ga shayi mai kauri safe da yamma. Tsoka ta zube, kitse ya maye gurbinta, sikeli bai ga bambanci sosai ba. Mu kuma kayanmu ba sa tona asiri: kaftani mai yalwa ne, wando kuma zariya ce, kullum sassautawa kake ba ka sani ba. Da na je asibiti bayan Sallar, sai ga jinina ya fara hawa.

Dalilin da tef ya yi wa sikeli fintinkau shi ne, ba duk kitse ne halinsa ɗaya ba. Na cinya da na mazaunai da sauƙi. Wanda ya taru a cikin ciki, ya lulluɓe hanji da hanta, shi ne abokin tafiyar ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, kuma shi tef yake kamawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: namiji in cikinsa ya wuce santimita 94 haɗari ya fara ƙaruwa, in ya wuce 102 ya ƙaru sosai. Mace 80 da 88. In da inci ka saba, 102 ɗin nan shi ne 40, daidai inda nake ranar da tela ya yi min ba'a. 88 kuma wajen 35. Akwai wanda ya fi wannan sauƙin riƙewa a ka: kada awon cikinka ya kai rabin tsayinka. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa shi cikin shawarwarinta a 2022. Ni tsayina santimita 172 ne, ke nan ya kamata in tsaya ƙasa da 86. Ko tef babu, igiya ma ta isa: auna tsayinka da ita, ninka ta biyu, zagaya cikinka. In bakin nan biyu suka ƙi haɗuwa, ka samu amsa.

Sai dai a auna inda ya dace. Yawancinmu muna ɗaure wando a ƙarƙashin tumbi, mu ce ƙugunmu 34 ne, alhali tulun yana sama. Ka ɗage riga, ka lalubo haƙarƙarin ƙarshe, ka lalubo saman ƙashin kwankwaso, tef ya bi tsakaninsu, kusa da cibiya ko ɗan sama da ita. Ka tsaya a miƙe, ka saki numfashi kamar yadda ka saba, kada ka shanye ciki kamar ango gaban mai hoto. Tef ya kwanta a fata ba tare da ya nutse ba. Da safe kafin karin kumallo, sau ɗaya a wata ya wadatar. Wannan awon na manya ne; ba na yara ba ne, ba kuma na mai juna biyu ba.

Shi BMI ban raina shi ba, kyauta ne, kuma shi ake fara dubawa a asibiti. Kilonka za ka raba da tsayinka na mita sau kansa. Nawa a lokacin: 1.72 sau 1.72 ya ba da 2.96, a raba 83 da shi, 28 ke nan. Ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama ƙiba. Matsalarsa bai san tsoka ba, bai san kitse ba, kilo kawai ya sani. Akwai wani yaro ɗan dako da ke sauke mana kaya, gajere ne kakkaura, jikinsa kamar an sassaƙa, cikinsa a shafe. Na taɓa yi masa lissafin don wasa, sai ga shi ajinmu ɗaya da shi, wai dukkanmu nauyi ya yi mana yawa. Shi da ke ɗaukar buhu yana sassarfa, ni da nake haki a matakalar gadar Oshodi! 'Yata da ke karatun aikin jinya ta ce ba abin mamaki ba ne: wanda ya ƙirƙiro lissafin, Adolphe Quetelet ɗan Beljiyam, masanin lissafi da taurari ne, ba likita ba, kuma a shekarun 1830 awon Turawa ya yi don fahimtar jama'a a dunƙule. Sai a 1972 wani Ba'amurke, Ancel Keys, ya raɗa masa sunan da muke kiransa yau. Ta ƙara min da cewa ita NICE ɗin ta sauko da iyakar ga baƙar fata da mutanen Asiya zuwa 23 da 27.5, saboda suga kan kama mu tun nauyi bai kai na Bature ba. To da wannan ma'aunin, 28 ɗina ƙiba ce sosai, ba "jikin hutu" ba kamar yadda abokai ke min kirari.

Yanzu ga wanda ka tambaya. Na saye shi a wani shago a Ikeja, gilashi ne mai kyau da faranti huɗu na ƙarfe inda ake taka ƙafa. Kilo yana nunawa daidai, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Kitsen ne tatsuniya. Yadda yake aiki, wata 'yar wutar lantarki da ba ka ji yake turawa ta ƙafa ɗaya ta fito ta ɗayar. Tsoka mai ruwa ce tana barin ta wuce, kitse yana tare ta, sai ya haɗa da shekaru da tsayin da ka shigar masa ya yi kintace. Ke nan ruwan jikinka ne ke juya lambar. Cikin azumi bayan sahur ya ce min kashi 27, da la'asar maƙogwaro ya bushe ya ce 31. Kitsen da na tara ina azumi ke nan cikin yini guda! Uwargida kuma da kaushi ya yi mata yawa lokacin hunturu, ƙin karanta ta ya yi gaba ɗaya. Ga shi wutar ta ƙafafu take bi, tumbin da ya dame mu ba ta cika ratsa shi ba. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ma an hana shi hawa. Yau yana ƙarƙashin gado, batirin ya mutu ban canza ba.

Akwai ɗan matsen da masu horarwa a wuraren motsa jiki ke kama fatar damtse da ta ciki da shi, ingancinsa ya danganta da hannun mai awon. Akwai kuma hoton DEXA, wanda shi ne ke rarrabe ƙashi da tsoka da kitse da gaske, amma tsada gare shi, kuma sai in likita ya ce ka yi.

Abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa: ka kiyayi masu yawo da kwamfutar cinya da wani ɗan ƙarfe da za su ce ka damƙa. Suna zuwa tasha da kasuwa har da harabar masallaci, su ce awo kyauta ne. Cikin minti ɗaya wai sun ga kitsenka da hantarka da ƙodarka, allo ya cika da jan rubutu, sai a buɗe jaka a fito da shayin narkar da tumbi na dubban naira. Ban taɓa ganin wanda suka auna suka ce lafiyarsa ƙalau ba. Yawancin shayin nan zawo da fitsari yake sa ka, ruwa ya fita, sikeli ya sauka kwana biyu, kitse yana nan inda yake. Ko ka ga lambar NAFDAC a kwali, rajista ce, ba alƙawarin zai narkar da teɓa ba.

In za ka sayi sikelin kilo, gwada shi a shagon kafin ka biya. Ɗora shi a kan tayil ko siminti, ba kan kafet ba, ka hau sau uku. In ya ba ka lamba uku daban-daban, ajiye musu kayansu. Sannan ka hau riƙe da jarkar ruwa mai lita 10. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, dole ya ƙaru da 10 da ɗan nauyin jarka. A gida kuma sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe bayan ka zagaya, don nauyin mutum kan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya ko biyu a yini. Tef kuwa ka sayi biyu a Balogun ko wajen kowane mai kayan ɗinki, naka daban na Hajiya daban, ka duba yana da santimita a bayansa, kuma ba mai talewa ba. In awon ya haura rabin tsayi, ragowar kuɗin ka kai su gwajin suga da na hawan jini. Ni yanzu ina 37, saura inci uku, tela ya ce ba zai soke 40 ɗin ba sai ya ga Babbar Sallah.